Babi na Uku: Jikinmu, Ruwa da Gishiri

Kafin a fara wannan babi, kowa ya tanadi waɗannan kaya ya ajiye a gabansa: ɗanyen dankalin Turawa guda ɗaya, gishiri, sukari, wuƙa, ƙaramin cokalin shayi, ruwan leda guda biyu, da kwano mai murfi wanda aka wanke tas. Wanda bai samu dankali ba ya haɗa kai da na kusa da shi. Ba dogon turanci za mu yi ba. A karanta kowane layi da ƙarfi, sannu a hankali, ana bin sa da yatsa. In an zo kan lamba a tsaya, a faɗe ta da baki, sannan a kwafe ta a littafi. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, ko da furfura a kansa. Duk don haka muka taru.

Darasi na 1: Ƙwayar halitta

Ku dubi bangon ɗakin da kuke zaune. An yi masa yaɓe, ya zama kamar abu guda. Amma wanda ya ga lokacin da ake ginin ya san tubali ne aka jera, ɗaya bisa ɗaya. Haka jikin ɗan Adam yake. Fata, tsoka, hanta, ƙashi, ƙwaƙwalwa, duk an haɗa su ne da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, sunan kowace ɗaya ƙwayar halitta. Sai dai ita tana da rai. Tana ci, tana sha, tana fitar da ƙazanta, tana tsufa, ta mutu, wata ta maye gurbinta.

A rubuta: ƙwayar halitta. Harafin farko Ƙ ne mai lanƙwasa a ka, ba K ba. In da yawa ne sai a ce ƙwayoyin halitta. Kada a haɗa ta da ƙwayar cuta. Ƙwayar cuta daga waje take shigowa ta yi ɓarna, ƙwayar halitta kuwa ita ce jikin naka.

Ido ba ya ganinta. Sai da madubi na musamman mai ƙara girman abu, irin wanda ma'aikacin ɗakin gwaji yake leƙawa a asibiti idan an ɗebi jininka. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ne ya fara bayyana ta a shekarar 1665, bayan ya yanki ɓawon itace siriri ya duba a irin wannan madubi ya ga 'yan ɗakuna a jere. Masana sun ƙiyasta cewa babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kusan tiriliyan 30. Ga yadda ake rubuta wannan lamba: 30,000,000,000,000. Ku ƙirga sifilin. Kada ku damu in ba ku iya karanta ta ba, ba za a tambaye ku ita ba. Na rubuta ta ne kawai don ku ga yawan abin.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir ya zana da'ira babba a littafinsa. Ba sai ta yi kyau ba. A tsakiyarta a zana ƙaramar da'ira, a cike ta da baƙi. Shi ke nan, kun zana ƙwayar halitta.

Baƙin nan na tsakiya shi ne cibiyar ƙwaya. A cikinsa ne gadon halitta yake, a naɗe cikin wasu zaruruwa guda 46. Guda 23 daga uba, guda 23 daga uwa. Shi ya sa yaro kan ɗauko hancin ubansa da hasken uwarsa. Filin da ke tsakanin baƙin da layin waje cike yake da wani ruwa mai ɗan kauri, a nan ƙwayar take ƙona abinci ta samu ƙarfi. Layin waje kuma shi ne fatar ƙwaya. A ɗora yatsa a kan wannan layi. Shi ne muhimmi a gare mu yau. Fata ce siririya ƙwarai, ruwa yana ratsa ta ya shiga, yana ratsa ta ya fita. A maimaita da baki: ruwa yana shiga, ruwa yana fita.

Ƙwayoyi iri ɗaya in suka taru sai su zama nama iri ɗaya, kamar tsoka. Nama iri-iri in ya haɗu sai ya zama sashen jiki mai aikin kansa, kamar zuciya ko ƙoda. Za mu zo kansu a gaba.

Darasi na 2: Abin da aka yi ƙwayar da shi

Za ku riƙa jin kalmar sinadari. A nan ma'anarta abin da aka haɗa aka yi wani abu da shi. Sinadarai huɗu ne suka kwashe kusan nauyin jiki duka. Oksijin, wato iskar da muke shaƙa don mu rayu, shi ne kashi 65 cikin 100. Kabon, irin baƙin da ke cikin gawayi, kashi 18. Haidurojin kashi 10. Naitirojin, wanda manoma suka sani a takin zamani, kashi 3. A haɗa: 65 da 18 da 10 da 3. Ya ba da 96.

Bari mu tsaya kan wannan "cikin 100", domin na lura ana wuce shi ba a gane ba. In aka ce kashi 65 cikin 100, ana nufin a raba abu gida ɗari daidai wa daida, a ɗauki gida sittin da biyar. A wasu takardu za ku ga an rubuta 65%. Wannan alama mai ƙananan sifili biyu da sanda a tsakani, ita ce "cikin ɗari". Ba wani abu ba ne.

Kashi 4 da suka rage ƙanana ne, amma rashinsu ciwo ne. Akwai kalshiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, ana samun sa a nono da ƙananan kifi da ake taunawa da ƙashinsu. Akwai sinadarin ƙarfe, wanda duk na jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, amma in ya yi ƙasa sai a ce jini ya yi ƙasa. Ana samun sa a nama, hanta, wake, zogale da alayyahu. Akwai ayodin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo a wuya, shi ya sa ake zuba shi a gishirin da ake sayarwa cikin leda.

Oksijin da haidurojin in suka haɗu, su ne ruwa. Kuma ruwa shi ne mafi yawan jikinmu. Babban mutum kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Mai nauyin kilo 60 yana yawo da ruwa wajen lita 36 a jikinsa. Jariri ya fi haka, nasa ya kai kusan kashi 75 cikin 100, kuma jikinsa ƙarami ne, ba shi da ajiya. Iyaye mata, ku riƙe wannan.

In aka raba ruwan nan gida uku, gida biyu yana cikin ƙwayoyin halitta, gida ɗaya yana kewaye da su da kuma cikin jini. Ruwan ba salam yake ba, da gishiri a cikinsa. Kowa ya taɓa jin ɗanɗanon hawaye ko gumi a leɓensa. Ruwan da aka fi ƙara wa mara lafiya a asibiti ta jijiya yana da gishiri giram 9 a kowace lita, domin ya yi daidai da na jini. Ba a ƙarawa, ba a ragewa. Awo ne.

Darasi na 3: Gwajin dankali

A wanke hannu. A yanka dankalin gida biyu. A kwantar da kowane ɓari, wajen yankan yana kallon sama. Da bakin cokali a ƙwaƙule ɗan rami a tsakiyar kowanne, kada ramin ya ɓulle ta ƙasa. A goge ramukan da tsumma mai tsabta su bushe. A cika rami ɗaya da busasshen gishiri. Ɗayan a bar shi haka nan, kada a zuba masa komai. Kada a zuba ruwa a ko ɗaya. Na faɗi haka ne domin kullum sai an samu wanda ya zuba, sannan ya ce gwajin bai nuna komai ba.

A ajiye su gefe na rabin awa, wato minti 30. Kafin nan a kwafe kalmomin nan sau uku-uku: ruwa, gishiri, sukari, lita, rabi.

To, a duba. Ramin da ba a sa wa komai ba yana nan yadda yake. Mai gishirin kuwa ya jiƙe sharkaf, har ruwa ya taru a ciki. A matsa gefen ramin da yatsa, za a ji ya yi laushi, ya saki. Daga ina ruwan ya fito, alhali ba wanda ya zuba? Daga cikin dankalin. Dankali ma da ƙwayoyin halitta aka yi shi. Gishirin da ke waje ya fi na cikinsu yawa, sai ya jawo ruwansu ta cikin siririyar fatar nan da kuka ɗora wa yatsa a darasi na 1. Masu girki sun san wannan tuni, duk wadda ta barbaɗa gishiri a yankakken tumatir ta ga yadda yake tsatsafo da ruwa.

Ƙa'idar ke nan, a rubuta ta da manyan haruffa: RUWA YANA BIN GISHIRI. Inda gishiri ya fi yawa, can ruwa zai tafi. In gishirin da ke kewaye da ƙwayoyin jikin mutum ya yi yawa, abin da ya samu dankalin nan shi zai same su. Za su yi yaushi, har da na ƙwaƙwalwa. Kada a jefar da dankalin, a bar shi a gabanku har mu gama darasi na gaba.

Darasi na 4: Haɗa ruwan gishiri da sukari

Idan yaro yana gudawa, ko amai da gudawa, abin da ke fita daga jikinsa ruwa ne da gishiri. Abin da ya fi kashe yara a wannan ciwo shi ne bushewar jiki. Maganin bushewa shi ne a mayar da abin da ya fita, ruwa da gishiri, a kan awo. Sukarin kuma aikinsa a hanji yake: shi ne yake taimaka wa gishiri ya ratsa bangon hanji ya shiga jini, ruwa kuma ya bi gishirin, kamar yadda kuka rubuta. Ba don daɗin baki aka sa shi ba.

Kada ku raina shi don kayan kicin ne. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba mutane irin wannan haɗi ta baki. Mace-macen da suka kai wajen 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100.

Wanda ya fi kyau shi ne na ƙunshi da ake samu a asibiti ko kemis, mai haruffa uku a jiki: O, R, S. Shi an riga an auna, kuma yana da ƙarin sinadaran da na gida ba shi da su. A duba jikin ƙunshin a ga yawan ruwan da aka rubuta. In an ga 1L, lita ɗaya ke nan. Sandar farko lamba ɗaya ce, L kuma tana nufin lita. A juye ƙunshin gaba ɗaya a ruwan, ba a raba shi, ba a ƙara masa komai. In ba a iya karanta rubutun ba, a tambayi mai kemis kafin a bar shagon.

In dare ya yi, ko kemis ya yi nisa, sai a haɗa na gida. Ga awonsa:

Ruwa mai tsabta lita 1.
Sukari cokalin shayi 6, a shafe.
Gishiri cokalin shayi ½, a shafe.

Mu fara da ruwa. A ɗauki ledar ruwa a nemi inda aka rubuta 50cl. Wannan rabin lita ne. Leda biyu masu 50cl su ne lita ɗaya. In ruwan rijiya ne ko na famfo, a tafasa shi, a bari ya huce, sannan a auna. A wanke hannu da sabulu, a juye ruwan a kwano.

Cokali kuma na shayi ake nufi, ƙaramin nan. Ba cokalin cin shinkafa ba. Babban yana cin na ƙaramin har sau uku. Kowa ya ɗaga cokalinsa sama, na kusa da shi ya duba masa.

"A shafe" yana nufin a ɗebo, sannan a bi saman cokalin da bayan wuƙa, duk abin da ya yi tozo ya zube, ya rage daidai da bakin cokali. A yi haka da sukari sau shida, ana ƙirgawa da baki: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

Yanzu mun zo inda ake faɗuwa. Ku dubi alamar nan da kyau: ½. Ɗaya a sama, sanda a tsakiya, biyu a ƙasa. Ba goma sha biyu ba ce. Ba "ɗaya ko biyu" ba ce. Ba ɗaya da rabi ba ce. Sunanta rabi. Abu ɗaya aka raba gida biyu, aka ɗauki gida guda. Kowa ya faɗa: rabi. A sake faɗa. A rubuta ½ sau goma a littafi, kowace a rubuta "rabi" a gefenta.

Ga yadda ake samun rabin cokali. A ɗebo gishiri da cokalin shayi. A shafe da bayan wuƙa. Da tsinin wuƙar a ja layi a tsakiyar gishirin, daga wajen mariƙi zuwa bakin cokali, ya rabu biyu, dama da hagu. A ture ɓangare ɗaya ya koma cikin ledar gishiri. Abin da ya rage a cokalin shi ne rabi. Shi kaɗai za a zuba.

A sake yi, ba tare da an zuba a ruwa ba. A ɗebo. A shafe. A ja layi. A ture rabi. A nuna wa na kusa.

Wanda hannunsa ke rawa kada ya ji komai, ya ɗora cokalin a kan tabarma ko benci ya yi a hankali. Ba tsere ake ba. Baba, in ido ba ya gani sosai, a matso bakin ƙofa wajen haske. Hannu zai saba. A sake yi: a ɗebo, a shafe, a ja layi, a ture rabi.

Za ku ga abin da ya rage ɗan kaɗan ne, zuciya za ta ce muku wannan ai ba zai yi komai ba. A nan ne ake samun matsala. Na ga wata baiwar Allah ta yi komai daidai, ta shafe, ta raba, ta zuba, sannan da ta ɗauka ba mai kallonta ta tsinto gishiri da yatsu uku ta ƙara. Da aka tambaye ta sai ta ce don ya fi ƙarfi. Inna, ba miya ba ce. Ku dubi dankalin da ke gabanku. Gishiri in ya wuce awo, ruwan jikin yaron zai jawo, ga shi dama ya bushe. Yaro zai iya shiga jijjiga, zai iya rasa ransa, kuma da hannun mai son sa.

Akwai masu juya awon, su sa gishiri shida, sukari rabi. Don Allah a kula. Mai yawan shi ne sukari. Ɗan kaɗan ɗin shi ne gishiri. Sukari 6. Gishiri ½. Shi ma sukarin ba a ƙara shi, in ya yi yawa gudawar ƙaruwa take yi.

Haba jama'a. Mutumin da ke auna hatsi a kasuwa, ba ya yarda tiya ta wuce da ko tafi ɗaya, shi ne zai zo nan ya ce shi da ido yake awon gishiri? Ba a awon wannan da ido. Ba a yi da tafin hannu. Ba a yi da murfin kwalba, ba a yi da ludayi. Cewa "haka kakata take yi" ba hujja ba ce a wannan aji. Wanda ya ga ya fi ƙarfin maimaitawa, to shi ne ma ya fi kowa buƙatarta. Kowa ya ɗauki cokalinsa. A ɗebo. A shafe. A ja layi. A ture rabi.

Madalla. Yanzu a zuba, a motsa har sai ba a ganin komai a ƙasan kwano. Sannan mai haɗawa ya fara ɗanɗanawa da kansa kafin ya ba yaro. Kada gishirinsa ya fi na hawaye. In ya fi, a zubar a sake sabo. Kada a ce za a gyara da ƙarin ruwa, an riga an ɓata awon. Asarar sukari cokali shida ba komai ba ce.

Yadda ake bayarwa: yaron da bai kai shekara 2 ba, kwatan kofi zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. Ɗan shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iya yadda zai iya. In yaro ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Ba a ɗura wa yaro. Ba a daina ba shi nono, ba a hana shi abinci. A rufe kwanon. Abin da ya kai awa 24, wato daga yau zuwa gobe war haka, a zubar a haɗa sabo. A nemi ƙwayar maganin da ake kira zinki a asibiti, ana ba yaro ita kwana 10 zuwa 14, ma'aikacin lafiya zai faɗi adadin da ya dace da shekarunsa.

A tafi asibiti nan take, ana ba shi ruwan a hanya, idan idanun yaro sun faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya kasa sha, ko ya yi lis ba ya motsi sosai, ko an ga jini a kashinsa, ko an ja fatar cikinsa an saki ta daɗe ba ta koma ba.

Kafin a tashi, kowa zai zo gaba ya auna rabin cokali a gaban aji. Wanda bai yi daidai ba zai koma layi.

Darasi na 5: Jini

Babban mutum yana da jini kusan lita 5. Jini ruwa ne mai ɗauke da ƙwayoyin halitta iri uku. Jajaye suna ɗaukar oksijin daga huhu su kai wa sauran jiki, a cikinsu sinadarin ƙarfen nan yake. Kowace tana rayuwa kusan kwana 120, ɓargon ƙashi yana ƙera sababbi. Farare suna yaƙi da ƙwayoyin cuta. Na ukun 'yan gutsattsari ne masu sa jini ya daskare a bakin rauni.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jajayen take shiga ta fasa su, shi ya sa yaron da ya sha zazzaɓi tafin hannunsa da cikin idonsa suke yin fari.

Sikila kuma gado ce, daga zaruruwan nan 46. Jajayen ƙwayoyin mai sikila suna lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini. A takardar gwaji za ku ga AA, ko AS, ko SS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon sikila. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. A yi gwaji kafin a sa rana.

Tambayar bita: gishiri cokali nawa ake sa wa lita ɗaya? A rubuta amsar da alama, ba da kalma ba.

Darasi na 6: Sassan cikin jiki

Duk wanda ya ga an feɗe rago ya san su. Huhu biyu suna cikin ƙirji, suna karɓar iska. Zuciya tana tsakaninsu, ta ɗan karkata hagu, ɗakunanta huɗu, ita ke tura jini. Hanta tana dama, ƙarƙashin haƙarƙari, tana tace jini tana yin wani ruwa mai ɗaci da ke narkar da maiko. Abinci yana sauka tumbi, ya wuce ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6, a nan jiki yake tsotse amfaninsa. Ƙoda biyu suna baya, su ke daidaita ruwa da gishirin jini, abin da ya yi saura ya fita a fitsari. A nuna wurin kowanne a jikinka da hannu.

Darasi na 7: Bugun jini

A ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Kada a yi da babban yatsa. A ƙirga bugun na daƙiƙa 30 a agogon waya, a ninka biyu. Babba da ke zaune a huce, 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Na yara ya fi sauri. A gwada a gida.

Darasi na 8: Ƙashi

Babban mutum yana da ƙashi 206. Na jariri ya fi haka, wasu suna haɗewa yana girma. A kwafe 206 sau biyar. Sunayensu suna jikin hoton da ke bangon aji, wanda ya zo da wuri ya duba.